Sifirin Bayan Fijo 504: Tarihin da Ya Kamata a Sani Kafin a Canja Shi

Akwai wata irin tsayuwa da aka san tsohuwar Fijo 504 da ita: gaba a ɗage, baya a durƙushe, kamar dokin da aka ja wa linzami da ƙarfi a filin hawan sallah. Wanda ya gaji irin wannan mota daga mahaifinsa, ko ya saye ta don sha'awa, da zarar ya kai ta gareji shawarar da zai fara ji ba ta wuce guda ba: sifirin ya mutu, a nemo mai ƙarfi a sa mata. Wani bakanike zai kawo na wagon, wani zai laluɓo na wata mota dabam da ya shiga gurbin, wani kuma zai ce a cusa roba a ƙarƙashin tsohon a huta. Kowace dabara cikin ukun za ta ɗaga bayan motar. Amma ɗaga baya ba shi ne mayar da mota yadda aka ƙera ta ba, kuma wani lokaci shi ne mafarin lalata abin da ya sa ake son ta tun farko.

Shawarar a sa mai ƙarfi ba daga jahilci ta fito ba. Gado ce daga zamanin da 504 take jakar ɗaukar kaya ta ƙasa guda, kuma a wancan zamani tana da hujja. Yau kuwa motar ta zama kayan tarihi, ta fi zaman gareji da fita ranar Lahadi, don haka hujjar ta canja. Sifirin amsa ce da injiniya ya bayar ga tambayoyi biyu: wane nauyi motar za ta ɗauka, kuma a kan wace irin hanya? Wanda zai sayi sabo sai ya sake amsa tambayoyin nan da kansa, kuma sanin yadda aka amsa su a baya zai rage masa asara.

Daga igiyar fata zuwa fallen ƙarfe

Matsalar ta girmi mota da ƙarnoni. Keken doki na farko akwati ne kawai a kan aksul, duk dutsen da taya ta taka sai ya isa ƙashin bayan fasinja. Mafitar farko ita ce a rataye akwatin da igiyoyin fata ko sarƙoƙi. Garin Kocs na ƙasar Hungari ya yi suna da ƙera kekunan doki masu daɗin zama tun ƙarni na 15, har sunansa ya zama kalmar keken doki a harsunan Turai da dama. Rataya tana rage duka, amma tana kawo lilo, kuma tana buƙatar katafaren katako a ƙasa wanda zai riƙe komai.

Ilimin da ya buɗe hanya ya zo daga Ingila. A shekarar 1678 masanin kimiyya Robert Hooke ya wallafa ƙa'idar da har yau take ɗauke da sunansa: lotsawar sifirin tana tafiya daidai da nauyin da aka ɗora masa. In kilo 30 ya danne shi da santimita 1, kilo 60 zai danne shi da santimita 2. Wannan adadi, wato nauyin da ake buƙata don danne sifirin da santimita ɗaya, shi ne taurinsa, kuma shi ne lamba mafi muhimmanci a duk wannan zance.

A shekarar 1804 wani maƙerin kekunan doki a Landan, Obadiah Elliott, ya yi rajistar ƙirarsa ta ɗora akwatin keke kai tsaye a kan lanƙwasassun fallayen ƙarfe da aka jera bisa juna. Keke ya yi sauƙi, ya yi araha, ya yi sauri. Da mota ta bayyana a ƙarshen wannan ƙarni, sai ta gaji sifirin fallen kamar yadda ta gaji fitilar gefe da kujerar direba. Motar Ford ta Model T, wadda aka fara sayarwa a 1908, sifirin falle biyu gare ta, ɗaya a gicciye a gaba, ɗaya a gicciye a baya.

Dalilin daɗewarsa shi ne yana yin aiki uku a lokaci guda. Yana ɗaukar nauyi, yana riƙe aksul a mazauninsa don kada ya yi gaba ko gefe, kuma gogayyar da ke tsakanin fallayen tana kashe tsalle. Ga shi kowane maƙeri zai iya gyara shi. Aibinsa kuma daga nan ya fito: yana da nauyi, kuma gogayyar nan tana hana shi motsi a kan ƙananan gargada, sai ya bar su su wuce zuwa jikin fasinja.

Sifirin naɗi, wato sandar ƙarfe da aka murɗa ta zama kamar awarwaro a jere, aiki ɗaya kawai ya sani: ɗaukar nauyi. Ba ya riƙe aksul, ba ya kashe tsalle. Dole a haɗa shi da hannuwan ƙarfe masu riƙe taya da kuma shakazoba mai kwantar da motsi. Ya fi tsada a haɗawa, amma ya ba injiniya damar auna kowane aiki shi kaɗai.

Abin da Olley ya gano

Wanda ya mayar da daɗin zaman mota daga sa'a zuwa lissafi shi ne Maurice Olley, injiniya ɗan Ingila da ya yi aiki da Rolls-Royce kafin ya koma Cadillac a Amurka a shekarar 1930. Shi da abokan aikinsa sun ƙera wata motar gwaji mai ɗauke da nauyaye-nauyayen da ake matsarwa gaba da baya, suna canja taurin sifirin suna bin hanya, suna jin abin da jiki zai gaya musu.

Mota a kan sifirin kamar nauyi ne a kan lilo: in aka danna ta aka saki, za ta yi sama da ƙasa da wani sauri nata na kanta. Jikin ɗan Adam ya fi sakewa idan wannan lilo yana tsakanin sau ɗaya zuwa ɗaya da rabi a daƙiƙa. In ya yi ƙasa da haka sosai sai tashin zuciya, in ya yi sama sai jijjiga da ciwon baya. Olley ya ƙara gano cewa gaba da baya ba su kamata su yi lilo da sauri ɗaya ba. Tayoyin gaba ne ke fara taka tudu, na baya su biyo bayan ɗan lokaci. Idan bayan ya ɗan fi gaban saurin lilo, sai ya cim masa, motar ta tashi ta sauka gaba ɗayanta a miƙe. In ba haka ba sai ta riƙa sunkuyo da ɗagowa kamar kwalekwale a kan igiyar ruwa.

Sakamakon wannan bincike ya fito a motocin General Motors na 1934, waɗanda kowace tayar gaba take motsi ita kaɗai, sannan a 1938 Buick ta sa sifirin naɗi a tayoyinta huɗu. Darasin da ya rage har yau shi ne: ba a zaɓen sifirin baya shi kaɗai. An auna shi ne da na gaba, da nauyin motar, da shakazoba. Wanda ya canja ɗaya ya taɓa ma'aunin duka.

Gidan da ya fara da ƙarfen sifirin

Kafin zuriyar Peugeot ta ƙera mota, sana'arta ƙarfe mai lanƙwasuwa ce. A shekarar 1810 'yan'uwa biyu, Jean-Pierre da Jean-Frédéric Peugeot, suka mayar da injin niƙan hatsin gidansu da ke gabashin Faransa ya zama masana'antar ƙarfe. Sun ƙera zarto, da sifirin agogo, da ƙarafan laima, daga baya da injin niƙa kofi. Tambarin zaki da aka yi wa rajista a 1858 don zarto aka yi shi, ana kwatanta haƙoransa da na zaki. Sai a ƙarshen shekarun 1880 Armand Peugeot ya shiga harkar mota.

Kamfanin ya riƙe wannan gado. Motar 203 ta 1948 ta zo da sifirin naɗi a baya a lokacin da yawancin takwarorinta na Turai suke kan falle, kuma 403 da 404 suka bi sahu. Peugeot ya kuma shafe shekaru masu yawa yana ƙera shakazobarsa da kansa maimakon saye daga waje. Manufar ita ce sifirin mai laushi, mai doguwar tafiya sama da ƙasa, tare da shakazoba mai ƙarfin riƙe shi. Irin wannan haɗi shi ne ya dace da hanyoyin karkarar Faransa, sai kuma ya zamana ya dace da na Afirka fiye da yadda kowa ya zata. Fijo 404 ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1963, 1966, 1967 da 1968.

Abin lura a nan shi ne, ba tauri ne ya ba Fijo suna a mugunyar hanya ba. Taya mai iya nitsewa cikin rami ta fito ba tare da ta rabu da ƙasa ba, ita ce ke sa direba ya riƙe gudu a inda wasu suke rarrafe.

Mota ɗaya, ƙugu iri-iri

An gabatar da 504 a watan Satumba na 1968, bayan yajin aiki da tarzomar watan Mayu na wannan shekara a Faransa sun jinkirta fitowarta. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, kuma ta zama Motar Shekara ta Turai ta 1969. Amma sunan 504 ya rufe motoci da dama waɗanda ƙarƙashin bayansu ya sha bamban.

Salun ta farko kowace tayar bayanta cin gashin kanta take yi. Tukunyar giyar baya a ɗaure take da jikin mota, kowace taya tana kan hannun ƙarfe nata da ke lilo, da sifirin naɗi guda a kowane gefe. A 1973 aka fito da salun mai rangwamen farashi, 504 L, wadda aka mayar mata da aksul dunƙulalle, wato wanda ya haɗe tayoyin biyu a sanda ɗaya, shi ma a kan sifirin naɗi. Wagon, wadda ta shiga kasuwa a farkon shekarun 1970, ta fi tsawo: tazarar tayar gaba da ta baya mita 2.90 ce, ta salun kuwa mita 2.74. Aksul dunƙulalle gare ta, amma a kan sifirin naɗi huɗu, biyu a kowane gefe, dabarar da aka gada daga wagon ta 404. A-kori-kura kuma, wadda ta zo a ƙarshen shekarun 1970, sai aka koma da ita kan sifirin falle na zamanin Elliott, domin aikinta dako ne.

Wannan jeri yana nuna yadda injiniyoyin suka yi tunani. Da suka buƙaci wagon ta ɗauki mutum bakwai da kayansu, ba su ɗauki sifirin salun suka ƙara masa kauri kawai ba. Sun canja aksul, sun ninka yawan sifirin, sun canja shakazoba. Aksul dunƙulalle yana riƙe tayoyi a tsaye ko mota ta yi nauyi ko ta yi sauƙi. Taya mai cin gashin kanta kuwa karkatarta tana canjawa da tsayin mota: in baya ya durƙushe, saman tayoyin ya karkato ciki, gefensu na ciki ya cinye, in an ɗaga shi fiye da kima, su karkata waje, riƙon hanya ya ragu.

Nasarar gasa ta biyo baya. Ove Andersson ɗan Suwidin ya lashe Safari da 504 a 1975, Hannu Mikkola ɗan Finlan ya lashe gasar Maroko da ita a wannan shekara, sannan Jean-Pierre Nicolas ya lashe Safari a 1978 da samfurin mai ƙofa biyu da injin V6.

Kakuri da zamanin lodi

A Najeriya labarin ya ɗauki wani salo. An kafa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria a 1972, masana'antarsa da ke Kakuri a Kaduna ta fara aiki a 1975. A shekarun farko ta jirgin sama ake kawo sassan motocin daga Liyon zuwa Kano, a ɗauko su zuwa Kaduna a harhaɗa. Gwamnatin soja ta tsakiyar shekarun 1970, da manufarta ta rage almubazzaranci, ta mayar da Fijo motar hukuma, sai 504 ta zama motar babban sakatare, da alƙali, da ɗan sanda, da malamin jami'a da ya karɓi bashin mota. An daina ƙera salun a Faransa a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da harhaɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan Ajantina da Kenya duk sun daina.

Rayuwar motar ta biyu ita ce ta haifi shawarar garejin yau. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da faɗuwar darajar naira, sabuwar mota ta gagari yawancin ma'aikata. Motocin da ofisoshi suka yi gwanjonsu suka faɗa tasha. Wagon da aka ƙera don mutum bakwai ta koma ɗaukar fiye da haka, ga buhunan hatsi a baya, ga kaya a kan rufi, daga Kano zuwa Maiduguri, daga Sakkwato zuwa Birnin Ƙonni. Haka abin yake a Nijar da Senegal da Mali, inda wannan wagon ta zama motar haya ta tsakanin garuruwa.

Direban da ke wannan aiki yana da gaskiya in ya nemi sifirin mai tauri. Saurin lilon mota ya dogara ne da tauri da kuma nauyi tare. Idan nauyin da ke kan baya ya ninka, sifirin da ya ninka tauri shi zai dawo da lilon daidai inda yake. Motar da kullum a cike take ba ta jin taurin, domin lodi ya cinye shi. Kanikawan Panteka a Kaduna da 'yan kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano sun ƙware a wannan: ƙara falle a a-kori-kura, sake lanƙwasa wanda ya kwanta, nemo naɗi mai kauri. Sun riƙe motoci a kan hanya shekaru da dama bayan an yanke musu ƙauna. Fallen da ya karye ma ba ya zama shara, maƙera na saye su ƙera gatari da fartanya da adda, saboda sun san ingancin ƙarfen.

Matsalar ita ce wannan magani na motar haya ne. Idan aka sa sifirin da ya ninka tauri a motar da ke ɗaukar mai ita da matarsa kawai, saurin lilon bayanta zai ƙaru da kusan kashi 41 cikin 100. Ma'aunin Olley ya rushe ke nan.

Abin da tsufa ke yi, da abin da ba ya yi

Ana yawan cewa tsohon sifirin ya yi laushi. A gaskiya taurin ƙarfe ba ya canjawa sosai da shekaru. Abin da ke faruwa shi ne sifirin yana gajarta: lodi fiye da kima na shekara da shekaru yana danne shi har ya kasa komawa tsawonsa na asali. Taurinsa yana nan kusan yadda yake, amma mota ta sauka, tazarar da ta rage kafin ƙarfe ya bugi robar tsayawa ta ragu. Dukan da ake ji a rami daga nan yake. Tsatsa ce kaɗai ke rage tauri da gaske, domin tana cin kaurin sandar, kuma ramukan da take bari su ne mafarin karyewa. Tsalle-tsallen da ba ya tsayawa kuwa yawanci laifin shakazoba ne. Don haka motar da ta durƙushe tsayinta take nema a dawo mata da shi, ba ƙarin tauri ba.

Abubuwa uku ke yanke taurin sifirin naɗi: kaurin sandar, faɗin naɗin, da yawan zagayen da ke aiki. Kauri ne ya fi tasiri nesa ba kusa ba. Sandar milimita 13 ta fi ta milimita 12 tauri da kusan kashi 38 cikin 100, alhali ido ba zai bambance su a kan teburin ɗan kasuwa ba. Faɗin naɗi in ya ƙaru, tauri ya ragu. Yawan zagaye ma haka: in aka yanke zagaye ɗaya daga sifirin mai zagaye 8, mota za ta sauka, taurin kuma ya ƙaru da kusan kashi 14 cikin 100. Shi ya sa dogon sifirin wata mota da aka datse don ya shiga gurbi yake zama abin da babu wanda ya lissafa.

Mafi muni shi ne gasa sifirin da wutar walda don a miƙe shi ko a kwantar da shi. A masana'anta ana dafa ƙarfen, a tsoma shi, a sake ɗumama shi a ma'aunin zafi sananne, sannan a yi masa ruwan ƙananan ƙwallayen ƙarfe don fatarsa ta jure gajiya. Wutar walda tana warware duk wannan a wurin da ta taɓa. Sifirin zai sake kwanciya cikin ɗan lokaci, ko ya karye a kan hanya.

Abin bai tsaya ga daɗin zama ba. Bayan da ya yi tauri fiye da gaba yana sa gindin mota saurin zamewa a kwana, musamman a kan jiƙaƙƙiyar kwalta ko tsakuwa. Bayan da ya durƙushe yana ɗaga fitilu su dallare masu tahowa. Haka kuma 504, kamar motoci da yawa na zamaninta, tana da wani bawul da ke auna saukar bayan mota ya raba ƙarfin birki daidai da lodi. In tsayin ya canja ba a sake saita shi ba, sai ya ɗauka mota a cike take alhali babu kowa a ciki, ko akasin haka, tayoyin baya su riƙa kullewa da wuri ko su ƙi kamawa yadda ya kamata.

Yadda ake zaɓe

Matakin farko shi ne a tabbatar wace mota ce a hannu. Bayan shekara arba'in ko hamsin na gyare-gyare, rubutun da ke jikin but ba shaida ba ne. Sai an leƙa ƙasa an ga ko aksul dunƙulalle ne ko hannuwa masu cin gashin kansu, sifirin biyu ne ko huɗu. Lambar jikin mota da littafin gyara na kamfani su ne ke nuna abin da aka sa mata tun asali. Kamfanoni kan ɗiga fenti mai launi a jikin sifirin don bambance ajinsa, kuma in ɗigon ya tsira yana da amfani. Ba a ɗauka cewa wanda aka ciro shi ne na asali. Mai yiwuwa shi ma wani ya canja shi tun zamanin tasha.

Na biyu shi ne awo. A ajiye mota a shimfiɗaɗɗen wuri, iskar tayoyi daidai, a auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi a kusurwa huɗu. Bambanci tsakanin hagu da dama yana iya zama na sifirin, yana iya zama na ruɓaɓɓen mazauninsa ko robar da ta mutu. A tsohuwar mota wajibi ne a duba wurin da sifirin yake tokare jikin mota, domin sabon sifirin a kan ƙarfen da tsatsa ta ci zai huda shi ne kawai. Idan an ciro tsohon, a auna kaurin sandarsa da ma'aunin da ke nuna milimita, da faɗinsa, da tsawonsa a sake, a ƙirga zagayensa, a lura da siffar bakinsa na sama da na ƙasa. Da waɗannan lambobi ake zuwa kasuwa, ba da ido ba.

Na uku, kuma shi ne ainihin hukuncin, mai mota ya gaya wa kansa gaskiya game da aikin da za ta yi. Motar da za ta ɗauki mutum biyu zuwa huɗu a cikin gari da tafiyar lokaci-lokaci, taurin asali ne nata. Wadda za ta riƙa zuwa ƙauye da iyali da buhuna tana iya amfana da ƙarin tauri kaɗan, ko da sifirin da zagayensa ba su yi tazara ɗaya ba, wanda yake da laushi a farko ya taurara in lodi ya ƙaru. Akwai kuma sabon dalili: tun bayan cire tallafin man fetur a 2023, masu motoci da yawa suna sa tukunyar gas ta ƙarfe a but, wadda nauyinta kan kai na babban mutum, kuma tana zaune a can baya dare da rana. Irin wannan nauyi na dindindin ya cancanci a lissafa shi.

Daga nan sai tushen kayan. Sabon sifirin da aka yi wa wannan samfuri musamman shi ne kan gaba, kuma saboda yawan 504 da aka ƙera, fiye da miliyan uku, har yanzu ana samu. Na hannu da aka ciro daga wata 504 caca ne, domin ya sha irin wahalar da wanda ake cirewa ya sha. Sai an auna tsawonsa an gwada da ɗan'uwansa. Na wata mota dabam kuwa, kayan aro ne da ba ya rufe katara, sai fa in lambobinsa sun yi daidai da na asali. A a-kori-kura, sake lanƙwasa falle yana dawo da tsayi na wani lokaci, amma fallen da ya tsage ko ya sirance canji ne maganinsa.

Ana canja sifirin bibbiyu, hagu da dama tare, a wagon kuma duka huɗun. Ana duba shakazoba da robobi a lokaci guda, domin sabon sifirin a kan matacciyar shakazoba tsalle zai ƙara. Ba a ƙarasa ɗaure kusoshin hannuwa sai mota ta sauka a kan tayoyinta, in ba haka ba robobin su murɗe su yage da wuri. Bayan an ɗan yi tafiya sifirin ya zauna, a sake awo, a saita fitilu da bawul ɗin birki. Dannannen sifirin kuma yana ɗauke da ƙarfin da zai iya karya hannu ko ya kashe mutum in ya kuɓuce. Aikin na mai kayan matse shi ne, da mota a kan madogarai masu ƙarfi, ba a kan jak kaɗai ba.

Fijo 504 da suka rage da lafiyarsu a Najeriya raguwa suke yi kowace shekara, kuma babu masana'antar da za ta ƙara ko guda. Yawancin waɗanda suka hau ta a tasha sun san ta ne a cike maƙil, tana nishi a kan sifirin da aka ƙara wa tauri. Kaɗan ne suka san yadda take tafiya a lokacin da ta fito daga Kakuri, tana haɗiye gargada ba tare da fasinja ya katse hirarsa ba. Wannan tafiyar tana cikin abin da mai gyaran tsohuwar mota yake ƙoƙarin adanawa, daidai da fenti da kujeru da tambarin zaki. Ana iya dawo da ita da ma'aunin milimita, da littafin gyara, da kuma amsa ta gaskiya ga tambayar nauyin da motar za ta ɗauka daga yau.